Ɗanka Ya Iya Iyo? Bashin Da Iyaye Ba Sa Son A Tuna Musu

Ranar Laraba 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin ruwa na katako da ya taso daga ɓangaren Borgu a jihar Neja ya dare gida biyu a kusa da Warra, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski. Mutanen da ke cikinsa sun haura 150, ban da babura da buhuna. Waɗanda aka tsamo da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Kwana ashirin da biyu bayan haka, ranar Alhamis 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka kutsa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, a cikin wannan ƙaramar hukuma dai, suka kwashi ɗalibai da malamai da rana kata. 'Yan matan ƙarshe ba su dawo gida ba sai a 2023, wasu da goyo a baya.

Mun yi salati, mun yi ta'aziyya, mun zagi gwamnati, sannan muka ce haka Allah ya ƙaddara. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri. Wannan rubutu ba don fama musu miki aka yi shi ba. Da mu nake, iyayen da 'ya'yanmu ke raye a yau, waɗanda gobe za su hau jirgi zuwa kasuwa, ko su zauna a bakin titi babu abin yi. Domin a waɗancan ranaku biyu akwai 'ya'yan mutane iri biyu: waɗanda ruwa ya rufe ba su san yadda za su riƙe kansu a samansa ba, da samarin da suka zo a kan babura da bindiga a kafaɗa. Kowannensu akwai uban da ya yanka masa rago ya raɗa masa suna.

Abin da zan kare shi ne wannan: uban da ke zaune a bakin tafkin Kainji, ko a Yauri ne ko Ngaski ko Shanga, bai koya wa ɗansa iyo ba, bai kuma sa an koya masa sana'a ba, ana bin sa bashi. Kuma wannan bashi ya riga biyayyar da yake nema daga ɗan.

Wa'azi mai hannu ɗaya

Duk yaron da ya tashi a ƙasar Hausa ya haddace haƙƙin iyaye a kansa tun kafin ya iya ɗaure zariyar wandonsa. Yana ji a huɗubar Juma'a da tafsirin azumi, yana gani a fina-finan Kano, ana turo masa a WhatsApp da asuba: bi uwa, bi uba, ka ji tsoron bakinsu. Gaskiya ne, babu mai ja. To amma ka juya tambayar, ka sami magidanci a majalisa ka ce masa, "Malam, me ɗanka ke binka?" Zai ce ci da sha da sutura da tarbiyya. Ci da sha kam ko akuyar gidan tana samu. Tarbiyya kuwa kalma ce mai faɗi kamar babbar riga, komai ana iya ɓoyewa a cikinta. Wanda ya lakaɗa wa ɗansa duka ya ce tarbiyya yake yi. Wanda ya ɗora shi a mota yana ɗan shekara shida da ƙoƙo a hannu, bai sake leƙa shi ba, shi ma tarbiyya ya ce.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce. Akwai ƙa'idar da ake koya wa ɗan koyo tun makon farko: sharaɗin da ba a iya gwada shi ba sharaɗi ba ne, fatan baki ne kawai. In mai ba da aiki ya ce yana son manhaja "mai kyau", bai faɗi komai ba tukuna. Sai ya ce, in intanet ya yanke ana tsakiyar tura kuɗi, kada kuɗin su ɓace a hanya. Wannan kam ana iya gwadawa, a yanke intanet ɗin da gangan a ga abin da zai faru. Ingancin aiki a ranar da abubuwa suka lalace ake gane shi. Matsalar "tarbiyya ta gari" ita ce babu ranar da za a gwada ta a ce wa uba ya ci ko ya faɗi. Shi ya sa muke ƙaunar kalmar.

Jerin abubuwa shida

Akwai mutanen da suka zauna suka mai da wannan nauyi jerin da za a iya ƙirgawa da yatsu. Malaman Yahudawa ne na dā. Muhawarorinsu kan shari'arsu suna cikin Talmud, wanda aka kammala tattara shi a Babila, ƙasar da ake kira Iraƙi a yau, wajajen ƙarni na shida na Miladiyya, a makarantu irin na Sura da Pumbedita da ke yankin kogin Furat. A babin da ake kira Kiddushin, shafi na 29 da na 30, an jero abin da ya wajaba uba ya yi wa ɗansa. Ya yi masa kaciya, wadda a wurinsu rana ta takwas ake yi. In ɗan fari ne ya fanshe shi da tsabar azurfa biyar a hannun limaminsu. Ya koya masa Attaura. Ya yi masa aure. Ya koya masa sana'a. Sai aka ƙara cewa wasu malamai suna ganin har da koya masa iyo. Da aka tambayi dalilin na ƙarshen, amsar gajeriya ce: ransa na iya rataya a kai.

A kan sana'a, wani malaminsu na ƙarni na biyu, Rabbi Yahuda, ya tsananta. A ganinsa uban da bai koya wa ɗansa sana'a ba, fashi ya koya masa. Malaman da suka biyo baya suka ce, anya uba zai koya wa ɗansa fashi? Sai suka daidaita a kan cewa tamkar ya koya masa ne. Rashi, mai sharhin Talmud da ya rayu a Faransa daga 1040 zuwa 1105, ya fayyace yadda abin ke faruwa: mutum ba shi da sana'a, abinci ya yanke, sai ya tafi mararrabar hanya ya tare matafiya.

Dubi jerin da kyau. Kusan kowane abu a cikinsa ana iya cewa an yi ko ba a yi ba. Kuma dukkansu shiri ne na ranar da uban ba ya nan: ranar da ɗan zai buɗe littafi babu mai biya masa, zai ciyar da gida babu mai miƙo masa, zai faɗa ruwa babu mai riƙe hannunsa.

"Me ya haɗa mu da Yahudawa?"

Na san wani ya riga ya ɗaga yatsa zai rubuta wannan tambaya, ga kuma abin da idonmu ya gani a Gaza. Amsata uku ce. Ta farko, waɗannan malamai sun yi muhawararsu sun mutu fiye da shekara dubu da ɗari uku kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948, kuma karanta abin da suka ce game da yara bai wanke kowa daga jinin kowa ba. Ta biyu, duk azumi muna zaune a gaban malamai suna kawo labaran Bani Isra'ila a tafsiri, bisa izinin da ya zo a hadisi ingantacce, ba mu taɓa tashi mun kaɗe riga ba.

Ta uku ita ce mai zafin. Abin da ke cikin jerin nan namu ne ma, mu ne muka yar. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya rubuta wa mutanen garuruwa su koya wa 'ya'yansu iyo da harbi da hawan doki. Jahiz, marubucin Basra na ƙarni na tara, ya kawo labarin Hajjaju bin Yusuf, gwamnan Iraƙi, yana umartar malamin 'ya'yansa ya fara koya musu iyo kafin rubutu, domin za su sami mai rubuta musu, amma ba za su sami mai yi musu iyo ba. Lura da cewa ƙasa ɗaya ce, mai manyan koguna biyu, ta sa Bayahude da Balarabe suka faɗi magana ɗaya. Ibnul Ƙayyim ya rubuta littafi guda kan hukunce-hukuncen abin haihuwa, Tuhfatul Maududi, inda ya ɗora mafi yawan lalacewar 'ya'ya a kan sakacin ubanni. Risala da ake karantawa a zaurukanmu ta wajabta wa uba ciyar da ɗa namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Hadisin da ya ce kowannenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, ɗan islamiyya ma ya san shi.

Saboda haka ba addinin wani na zo tallatawa ba. Na ɗauko jerin maƙwabci ne don a ga tsaftar lissafinsa, a kuma ji kunya. In ka ga gonar wani ta yi kyau da irin da kai ma kake da shi a rumbu, laifin ba na irin ba ne.

Ruwan da ya canza, iyayen da ba su canza ba

Za a ce ai mutanen bakin ruwa sun iya ruwa. Waɗanne? Ɗan Sarkawa da ɗan Gungawa da ya tashi a tsibiri ko a tungar masunta, ƙwarai, yana rarrafe yana shiga kwale-kwale. Amma jirgin ranar kasuwa ba masunta ne ke cika shi ba. 'Yan kasuwar albasa da shinkafa ne, da masu sarin busasshen kifi, da 'yan haƙar zinare da suka zo daga tudu, da almajirai, da 'yan biki, da mata masu goyo. A cikin garin Yelwa kanta akwai ɗimbin yaran da suke ganin ruwa kullum amma ba su taɓa shiga wanda ya wuce gwiwarsu ba, saboda an tsorata su da 'yan ruwa, an ce ruwa yana da masu shi.

Kuma ruwan ba wanda kakanninmu suka sani ba ne. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, Kwara ta kumbura ta zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, faɗinsa a wani wurin ya haura kilomita ashirin. An tashi mutane kimanin 44,000 daga garuruwansu, tsohuwar Bussa ta nutse, tsibiran Gungawa da dama suka bi ta. Bishiyoyin da ruwa ya shanye suna nan a tsaye a ƙarƙashi, kututturansu na jiran cikin jirgi. Iska tana tayar da igiyar ruwa a tafki yadda ba ta yi a ƙaramin kogi. Jirgin da ake tuƙawa da hannu ya koma mai inji, mai ɗaukar mutum ɗari da kaya. Hatsari ya ninka, amma abin da uba ke koya wa ɗansa game da ruwa bai ƙaru da komai ba, in ma bai ragu ba.

Gaskiya ne iyo kaɗai ba zai fitar da mutum daga tsakiyar tafki ba, Hausawa ma sun ce gwanin ruwa shi ruwa kan ci. To amma ba gasar ninƙaya ake nema ba. Abin da ake nema shi ne yaro ya san yadda zai kwanta rigingine a kan ruwa ya ja numfashi, kada ya firgita, kada ya cakumi na kusa da shi su nutse tare, ya iya kai kansa ga jarka ko katakon da ke yawo, ya riƙe har masunta su iso. Tsakanin mutuwa da tsira sau da yawa 'yan mintoci ne. Kuma yaron da aka koya wa ruwa shi ne zai san darajar rigar kariya, shi ne in ya girma zai kalli jirgin da ruwa ya kusa kai wa baki ya ce shi ba zai hau ba.

Wasu ƙasashe sun mai da wannan abin gwadawa. A Ingila, manhajar firamare ta tanadi cewa yaro ya iya ninƙayar mita 25 kafin ya gama. In ka ce su masu kuɗi ne, to ga Bangladash, ƙasar Musulmi matalauta masu koguna. A can, shirin SwimSafe yana killace gefen kududdufin ƙauye da gora, matasan ƙauyen su koya wa yara ninƙayar mita 25 da tsayuwa a saman ruwa da yadda ake ceton wani daga gaɓa ba tare da an faɗa ba. Babu wurin wanka na siminti, babu baƙon malami. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a 2021. A watan Afrilun wannan shekarar, wata guda kafin abin da ya faru a Warra, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa. Mu da muke da Sarkawa a ƙofar gida, gwanayen da ake tafi domin kallonsu a bikin Rigata na Yauri, me ya hana mu?

Inda jerin ya gaza

Jerin Talmud na 'ya'ya maza ne, kuma a nan bai isa abin koyi ba. Ruwa ba ya tambayar namiji ne ko mace. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar jirgi ranar kasuwa ya san su wa suka fi yawa a ciki, ya kuma san su wa aka fi jerawa a gaɓa in abin ya faru. Mace tana shiga jirgi da zani da hijabi, da yaro ɗaure a baya, wani riƙe a hannu. Tufafin nan in suka jiƙe nauyi suke zama, suna naɗe ƙafa. Ita ce ta fi kowa buƙatar sanin abin yi, ita ce kuma aka hana ko da taka ruwa tun tana 'yar shekara bakwai, wai don kunya.

Wace kunya ce ta fi ta a tsamo gawar 'yarka a gaban maza ɗari? In matsalar cuɗanya ce, ai tana da magani. Matan Gungawa da na Sarkawa da suka iya ruwa su koya wa 'yan mata, a keɓaɓɓen wuri, da suturarsu a jiki, tunda da suturar za su faɗa in ranar ta zo. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Nurul Albabi ya caccaki malaman da ke karantar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa 'Yan Taru, mata suna bin ƙauyuka suna koyar da mata. Tsarin mace ta koya wa mace ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Haka batun sana'a: yarinyar da aka aurar ba ta iya komai ba, ranar da mijin ya mutu ko ya sake ta, ita da 'ya'yanta bara ce ta rage musu.

Sana'a, da abin da muke kira sana'a

Akwai wata muhawara a shafukan nan na Talmud da ya kamata Bahaushe ya saurara, don ta taɓa abin da muke taƙama da shi. An tambaya: in uba ya koya wa ɗansa saye da sayarwa, ya sauke nauyi? Wasu suka ce ya sauke. Rabbi Yahuda ya ce sai sana'ar hannu, kuma Rashi ya ba da dalili: sau da yawa ɗan kasuwa kan wayi gari babu abin juyawa. Wanda ya ga yadda ƙarancin takardun naira a farkon 2023 da cire tallafin mai a watan Mayun shekarar suka cinye jarin masu tebur da masu kanti, ba ya buƙatar a yi masa sharhi. Jari yana karyewa a dare ɗaya. Mai gyaran injin jirgi kuwa, ko tela, ko magini, ko mai walda, in an sace kayan aikinsa yau, gobe zai ari na wani ya ci abinci.

Ina da digiri a kimiyyar kwamfuta, don haka ba ƙyashin masu takarda ke sa ni magana ba: digiri ba sana'a ba ne. Takarda ce mai cewa ka zauna a aji. Abin da ake biya a kai shi ne abin da ka iya yi a gaban mai biya. Uban da ya sayar da gona ya kai ɗansa jami'a ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa, amma in duk hutun shekara huɗu yaron yana kwance a ɗaki da waya, ba a taɓa kai shi wurin kafinta ko mai haɗa wutar sola ba, an bar rabin aikin. Mun ga sakamakon a 2024, lokacin da samari har da magidanta suka kwana suna dannar fuskar waya a Hamster Kombat da ire-irensa, ana kiran abin "mainin", da aka tashi biya mafi yawansu ko kuɗin datar da suka ƙona ba su mayar ba. Wanda ke da aikin hannu ba shi da lokacin wannan.

Ba na cewa rashin sana'a ne kaɗai ya haifi 'yan bindiga. Akwai zalunci, akwai satar shanu da cinye burtali da makiyaya, akwai makamai da suka cika daji, akwai hukumomin da suka yi barci. Kuma talauci ba uzurin kisa ba ne, miliyoyin matalauta ba su taɓa ɗaukar allurar wani ba. Amma ka tambayi kanka daga ina dabar daji ke samun sabbin yara kullum. Yaron da bai san komai ba sai bin shanu, ba karatu, ba wata sana'a ta biyu, ranar da shanun suka tafi me ya rage masa? Na cikin gari kuma, mai kai wa 'yan daji bayani ko mai ko burodi, da mai ƙwacen waya a lungu, yawancinsu ba zaman banza ne ya fara cinye su ba? Mararrabar hanyar da Rashi ya ambata kusan shekara dubu da suka wuce, mu mun san sunayen namu mararrabun.

Masunta ma su ji. Su sana'a ce mai daraja, amma kowane masunci ya san kifin tafkin ya ragu, raga mai ƙananan ido ta kwashe har 'ya'yan. Uban da ya miƙa wa ɗansa koma da taru kaɗai, ya ba shi gadon da ke ƙarewa. A Sabuwar Bussa, a ɗaya gefen tafkin, akwai cibiyar binciken kifi ta tarayya da kwalejin koyon fasahar kiwon kifi. 'Ya'yan masuntan Yauri da Ngaski nawa ne iyayensu suka taɓa tunanin tura su can?

Sannan ga aure. Mu a cikin abubuwa shidan nan, kaciya da aure ne ba ma wasa da su, saboda su ne masu taro da kiɗa. A Talmud an yi gardama kan wanne ke gaba, karatu ko aure, har wani malami ya kwatanta saurayin da aka yi wa aure bai shirya ba da wanda aka rataya wa dutsen niƙa a wuya. Mu kuwa sai a ci bashi a haɗa lefe, a ɗaura wa yaron da ba ya samun kuɗin sabulu aure wai don ya natsu. Bayan shekara biyu a sami haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance.

Ƙaddara da gwamnati

Mafaka biyu suka rage. Ta farko, "kwana ne ya ƙare." Na yi imani da ƙaddara. Amma mai faɗin haka yana kulle shagonsa da kwaɗo biyu, yana sa wa wayarsa lambar sirri, yana ɗaure akuyarsa da dare. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Me ya sa sai a kan ran yaro ne tawakkalinmu ke zuwa babu igiya? Haka masu cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Ƙwarai, amma kai ne sababin da aka ɗora wa neman abincin, kuma kai za a tambaya.

Ta biyu, "laifin gwamnati ne." Tana da nata, babba. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa tana da dokar hana lodi fiye da kima da tafiyar dare da hawa babu rigar kariya, amma ka je tasha ka ga ko akwai mai tsayar da ita. Kututturan da ke cikin tafki aikin hukuma ne cire su. Da hanyoyin mota suna da kyau da aminci, da mutane da yawa ba su cusa kansu a jirgi ɗaya ba. A ci gaba da matsa musu. Sai dai gwamnati ba ta hana ka kai ɗanka gaɓa ka riƙe cikinsa ya koyi harba ƙafa ba. Rigar kariya ba ta kai kuɗin ragon suna ba. Kai yaro wurin maƙeri ko kanikan babur ba ya buƙatar sa hannun gwamna.

Yaron da ba shi da uba fa, ko wanda ubansa ba shi da hali? Su ma malaman Yahudawa sun ci karo da wannan. Talmud ya ba da labarin cewa da farko mai uba ne kaɗai ke samun karatu, maraya ya tashi haka nan. Sai wani babban limaminsu na ƙarni na farko, Yehoshuwa ben Gamla, ya sa aka naɗa malaman yara a kowane gari, ana kai su tun suna shekara shida ko bakwai. Daga baya har aka ƙayyade yara ashirin da biyar ga malami ɗaya. Wato in uba ya gaza, nauyin ya koma kan gari. Mu ma muna cewa ɗa na kowa ne. A nuna a aikace.

Abin da za a iya farawa bana

Masarautar Yauri tana da sarakunan ruwa da hakimai da dagatai a ɓangarenta na gaɓar tafkin. Kowace tasha a killace wurin da ruwa bai wuce ƙirjin yaro ba, nesa da inda dorina ke kiwo, a sa gora da igiya, a ba matasan Sarkawa ɗan alawus daga kuɗin tasha su koyar, mata su sami ranarsu da malamansu mata. Masu tsoron tsargiya su tuna tana da magani a asibiti, nutsewa kuwa ba ta da shi. Makarantun firamare da islamiyya da na allo da ke bakin ruwa su sa sharaɗi: kafin yaro ya gama aji shida ko ya yi sauka, ya nuna ya iya mita 25 da kwanciya a kan ruwa. A bikin Rigata, kafin tseren gwanaye, a fito da yaran da suka koya a shekarar, a kira sunan ƙauyensu.

Waliyyai su dawo da tsohuwar tambayar da kakanni ke yi kafin a karɓi sadaki: mece ce sana'arsa? A daina amsar "yana buga-buga." Limamai kuma, cikin huɗubobi hamsin da biyu na shekara, a ba haƙƙin 'ya'ya ko da huɗu, a faɗe shi dalla-dalla yadda ake faɗin na iyaye, har uba ya fito masallaci jikinsa a sanyaye kamar yadda 'ya'ya ke fitowa.

Kai kuma mai karatu, wayar da ke hannunka tana da wurin rubutu. Jera sunayen 'ya'yanka, maza da mata, ko na ƙannenka in kai ne babba a gida. A gaban kowane suna ka amsa tambaya biyu da e ko a'a. In ya faɗa ruwa yau, zai iya riƙe kansa har a zo? In na faɗi na mutu yau, akwai abin da hannunsa ya iya da zai ci abinci da shi, ko yana kan hanyar koyo? Duk inda ka rubuta a'a, bashi ne, kuma mai shi bai san yana binka ba balle ya yafe. Ka fara biya kafin ka sake ce masa ya ji tsoron bakinka.

Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya kuɓutar da waɗanda ke hannun 'yan daji, ya ba mu ikon sauke abin da ya ɗora mana.